Sharhi a kan Wasan Kwamfuta Mai Suna Doom da Dalilan Ɗorewarsa

1.0 Gabatarwa

Kayan kwamfuta ba su da tsawon rai. Na'urar da ake rububin saye bana, kafin shekara biyar ta zama kwantai, haka nan kuma wasannin da ake yi a kanta. Mafi yawan wasannin da suka fito a farkon shekarun 1990 yanzu sai dai a ji sunansu a bakin waɗanda suka yi zamani da su. Amma akwai guda ɗaya da ya ƙi bin sahun tsararrakinsa, wato Doom, wanda kamfanin id Software na jihar Teksas a Amurka ya fitar a shekarar 1993. Bayan fiye da shekara 30, har yau ana yin sa, ana ƙaga masa sababbin fagage, ana kuma sake fitar da shi a kan na'urorin da ba a ma yi mafarkinsu ba lokacin da aka ƙirƙire shi.

Amsar da aka fi saurin bayarwa idan aka tambayi dalili ita ce begen ƙuruciya, wato tsofaffin ƴan wasa ne ke tuna baya. Wannan amsa ba ta gamsar ba, domin da yawa daga cikin masu yin wasan a yau ba a haife su ba a 1993. Saboda haka wannan takarda za ta bi hanyar da aka saba bi wajen nazarin adabi, ta dubi jigo da zubi da tsari da taurari da salo, sannan ta dubi naƙasun wasan. Abin da take son tabbatarwa shi ne, Doom ya ɗore ne saboda dalilai biyu da suka haɗu: dokokinsa ƴan kaɗan ne amma suna da zurfi, kuma masu shi sun sakar wa jama'a shi su yi ta ƙari a kansa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Wasan

Doom yana cikin rukunin wasannin harbi da ake kallo ta idon ɗan wasa. Ma'ana, mai wasa ba ya ganin jikin tauraron da yake sarrafawa, abin da yake gani a allo shi ne abin da ke gaban tauraron, da kuma bakin bindigar da ke hannunsa. Ba Doom ne ya fara wannan fasali ba. Kamfanin id ɗin kansa ya fitar da Wolfenstein 3D a 1992, sai dai ɗakunan wancan wasa duk murabba'ai ne, daɓensu da rufinsu tsayi ɗaya, haskensu ɗaya.

Mutanen da suka yi Doom ba su da yawa. John Carmack ne ya rubuta injin da ke zana hoto, John Romero da Sandy Petersen suka tsara mafi yawan fagagen, Adrian Carmack da Kevin Cloud suka yi zane-zane, Bobby Prince kuma ya yi kiɗa da sauti. An sake shi ranar 10 ga Disamba 1993 ta wata hanyar ciniki da za a iya kira ɗanɗana-kafin-ka-saya: kashi na farko mai fagage 9 kyauta ne, kowa na iya kwafa ya ba wani, wanda ya ji daɗi sai ya aika kuɗi a turo masa sauran kashi biyu. A daren da aka ɗora shi a kan kwamfutar Jami'ar Wiskonsin, cunkoson masu son kwafa ya sa na'urar ta tsaya. Doom II ya biyo baya a 1994 da fagage 32, sannan a 1995 aka ƙara wa na farkon kashi na huɗu.

3.0 Jigo

Labarin Doom bai fi a faɗe shi a numfashi biyu ba. Wani sojan da ba a faɗi sunansa ba, an tura shi duniyar Mas a matsayin horo saboda ya doki hafsansa da ya ba da umarnin a harbi fararen hula. Wani kamfani mai suna UAC yana gwajin ƙofofin da ke kai mutum daga wuri zuwa wuri cikin ƙiftawar ido a tsakanin watannin Mas guda biyu, Fobos da Daimos. Gwajin ya ɓaci, ƙofofin suka buɗe zuwa Jahannama, shaiɗanu suka kwararo suka kashe kowa. Sojan ya ratsa Fobos, ya ratsa Daimos, ya shiga Jahannama ya fito. Mafi yawan wannan bayani ma ba a cikin wasan yake ba, yana cikin ɗan littafin da ke rakiyarsa ne, sai kuma ƴan layukan rubutu da ke fitowa a ƙarshen kowane kashi.

Wannan ƙarancin labari da gangan aka yi shi. Tom Hall, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya rubuta doguwar takarda mai ɗauke da taurari masu sunaye da tarihin kowannensu, amma abokan aikinsa suka ajiye ta gefe, shi kuma ya bar kamfanin a 1993 kafin wasan ya fito. Manazarcin da ya saba da ƙagaggen labari zai iya ɗaukar wannan a matsayin babban gibi. Sai dai idan aka lura, labari abu ne da ake cinyewa: wanda ya san ƙarshen labari, rabin daɗinsa ya tafi. Jigon Doom kuwa a aikace yake, wato mutum ɗaya tilo a tsakiyar abokan gaba masu yawa, yana neman ƙofar fita da ɗan abin da ke hannunsa. Irin wannan jigo ba ya ƙarewa da sani, domin kowane shiga sabon gwaji ne.

Duk da haka, akwai wurin da wasan ya ba da labari ba tare da kalma ko ɗaya ba. A ƙarshen kashi na farko, bayan ɗan wasa ya kashe manyan shaiɗanu biyu da ke gadin wurin, sai ya taka ƙofar da yake zaton ta tsira ce, ta jefa shi cikin ɗaki mai duhu, ana dukansa ta ko'ina, ba shi da hanyar kare kai, a nan kashin ya ƙare. Haka kuma gine-ginen suna sauyawa sannu a hankali, daga ɗakunan kwamfuta da tankunan guba na Fobos zuwa bangaye na nama da ƙashi a Jahannama. Bango ne ke gaya wa mai wasa inda ya kai a tafiyarsa.

4.0 Zubi da Tsari

A nan ne gwanintar wasan ta fi fitowa. Kowane fage gini ne mai ƙofar shiga da ƙofar fita, a tsakaninsu akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa sai da mabuɗi ja ko shuɗi ko rawaya. Neman mabuɗan shi ke tilasta wa ɗan wasa ya zagaya, ya koma inda ya baro, ya ga wuri ɗaya ta fuska biyu ko uku, har taswirar ginin ta zauna masa a ka.

Fage na farko, mai suna Hangar, wanda Romero ya tsara, ya isa misali. Ɗan wasa yana buɗe ido a cikin zaure mai ginshiƙai, babu wanda ke harbinsa tukuna, saboda haka yana da sararin koyon tafiya. A hagunsa akwai matakala da sulke a samanta, wanda ke koya masa cewa leƙe-leƙe yana da lada. Ta taga yana hango fili a waje da wani sulken da ya fi na farko a tsakiyar tafkin guba, amma babu hanyar da ke kai wa can a bayyane, sai wanda ya gano ɓoyayyar ƙofa. Gaba kaɗan akwai siririyar hanya mai lanƙwasa a kan ruwan guba, ana jifan sa da wuta daga wani tudu, a nan zai koyi kauce wa jifa ba tare da ya faɗa ruwa ba. Duk wannan darasi an ba da shi babu rubutu, babu malami mai bayani. Gwani yana iya gama fagen cikin daƙiƙa 30, wanda shi ne lokacin da masu wasan suka sa a matsayin ma'auni, baƙo kuwa yana iya shafe minti goma yana bincike, kowannensu kuma ya sami abin da ya zo nema.

Yana da kyau a fahimci cewa wannan tsari ya taso ne daga ƙuncin na'urorin lokacin. Kwamfutar 1993 ba ta da ƙarfin zana cikakken gini mai tsawo da faɗi da zurfi cikin sauri. Dabarar Carmack ita ce a zana taswira a shimfiɗe kamar ta mai gini, a ba kowane yanki tsayin daɓe da tsayin rufi da ƙarfin haskensa, sannan a rarraba taswirar gida-gida tun kafin a fara wasa, yadda na'ura za ta san bangon da ke gaba da wanda ke baya ba tare da dogon lissafi ba. Sakamakon haka, a Doom na asali ba a iya ɗora ɗaki a kan ɗaki, tauraro ba ya tsalle, ba ya ɗaga kai sama ko ya sunkuyar, kuma dodannin hotuna ne shimfiɗaɗɗu da aka zana ta fuskoki takwas. Waɗannan iyakoki sun zame wa wasan alheri. Tun da ba a iya kwaikwayon gini na gaskiya, sai masu tsarawa suka daina damuwa da ko wuri ya yi kama da ofis ko barikin soja, suka mai da hankali ga ko yana da daɗin faɗa.

5.0 Taurari

Tauraron wasan ba ya magana. Abin da ake gani nasa shi ne ƴar fuska a ƙasan allo, tana harare-harare, tana murmushin mugunta idan ya tsinci sabon makami, tana haɗa jini gwargwadon raunin da ya ji. Ainihin taurarin Doom su ne dodanninsa, kuma kowannensu an gina shi a kan hali guda da ba ya sauyawa.

Za a iya kasa su gida uku. Akwai sojojin da shaiɗanu suka shiga jikinsu, masu bindiga, waɗanda harsashinsu ke isowa nan take, ba a kauce masa sai dai a fake. Akwai masu jifa da ƙwallon wuta, irin su Imp da Cacodemon da Baron, waɗanda ake ganin jifarsu tana tahowa, mai hanzari ya goce. Akwai kuma masu cizo, waɗanda sai sun matso jiki suke yin illa, aikinsu shi ne su toshe hanya su matse mutum a lungu. Ƙarfinsu ma ya bambanta ƙwarai: Imp yana da awon rai 60, Baron 1000, Cyberdemon kuwa 4000. Kowane ɗaya shi kaɗai ba abin tsoro ba ne sosai. Haɗa su ne ke haifar da tambaya: wa za a fara kashewa, ina za a tsaya, wane makami za a kashe wa wa? Makaman su ma kowanne da gurbinsa, daga naushi da zarto mai inji, zuwa bindiga mai watsa harsashi bakwai a harbi ɗaya, da mai jigida, da ta roka wadda ke iya hallaka mai ita idan ya harba a kusa.

Akwai wata doka guda da ta ƙara wa wannan tsari zurfi. Idan jifar wani dodo ta sami dodon da ba jinsinsa ba, sai wanda aka jefa ya juya kan wanda ya jefe shi, su kaure da faɗa. Mai wayo yana iya ratsawa ta tsakaninsu da gudu, ya haɗa su rigima, ya koma gefe yana tattalin harsashinsa. A fage na 20 na Doom II an ajiye manyan dodanni biyu mafiya ƙarfi a wuri ɗaya musamman don ɗan wasa ya gwara kansu. Wannan ya nuna cewa wasan da ake yi wa kallon na harbi kawai, a haƙiƙa wasa ne na sanin wurin tsayawa.

6.0 Salo

Salon Doom gudu ne. Tauraron yana da saurin da ya wuce na ɗan Adam, ba ya gajiya, ba ya tsayawa ɗura harsashi, kuma rauninsa ba ya warkewa don ya ɓuya, sai ya fita ya nemo magani a inda abokan gaba suke. Wasannin harbi da yawa da suka zo daga baya sun koma ga laɓewa a bayan bango da kallon guntayen fina-finai a tsakanin faɗa. A Doom, daga lokacin da aka shiga fage har a fita, ragama tana hannun mai wasa.

Haske da sauti su ne sauran kayan salon. Ana iya kashe fitilar ɗaki a daidai lokacin da mutum ya ɗauki mabuɗi, bango ya buɗe a bayansa. Kowane dodo yana da kukansa, yadda gogaggen ɗan wasa zai san abin da ke jiran sa kafin ya gan shi, kuma ƙarar harbi tana tashin waɗanda ke ɗakunan kusa. Kiɗan Prince yana kaiwa da komowa tsakanin mai zafi irin na gitar lantarki da mai sanyi mai sa tsikar jiki tashi. Bugu da ƙari, wasan ya ba mutum huɗu damar haɗa kwamfutocinsu su fafata da juna, abin da ya zama ginshiƙin wasannin harbi har yau.

7.0 Sakin Wasan ga Jama'a

Kyawun tsari kaɗai bai isa ya raya wasa shekara 30 ba. Dalili na biyu shi ne shawarar da masu shi suka yanke tun farko ta raba injin wasan da kayan cikinsa. Taswirori da hotuna da sautuka an zuba su a wani kundi dabam mai suna WAD, yadda kowa zai iya sauya su ba tare da ya taɓa injin ba. Tun a 1994 masu sha'awa suka fitar da manhajojin zana fage, dubban fagage suka bazu. A Disambar 1997 kamfanin ya saki asalin rubutun umarnin injin, a 1999 kuma ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL wanda ya halatta wa kowa ya gyara ya rarraba. Daga nan aka sami injuna iri-iri: Chocolate Doom yana kiyaye wasan yadda yake a asali, GZDoom kuwa ya ƙara tsalle da ɗaga kai da hasken zamani.

Ga ɗalibin adabi, wannan yanayi ya fi kusa da adabin baka a kan rubutacce. Littafi yana da matani ɗaya da marubuci ɗaya. Tatsuniya kuwa tana da sanannun taurari masu tabbataccen hali, kowa ya san abin da Gizo zai aikata, gwanintar mai bayarwa tana cikin yadda ya jera al'amura. Haka mai zana fagen Doom yake: ya gaji dodanni da makamai da dokoki, nasa shi ne jeri. Tun 2004 dandalin Doomworld ke ba da kyautar Cacowards kowace shekara ga fagagen da suka yi fice. Romero da kansa ya dawo ya fitar da Sigil a 2019 da Sigil II a 2023. A 2023 ɗin ne kuma wani aiki mai suna MyHouse ya ja hankalin jama'a, inda aka mayar da wani gida na talakawa wurin ban tsoro mai ɗauke da labarin rashi da baƙin ciki, abin da masu wasan na asali ba su taɓa nufa ba. A 2024 an sake fitar da Doom da Doom II a haɗe tare da sabon kashi.

Muhimmancin wannan yana fitowa idan aka kwatanta da wasannin da rayuwarsu ta rataya a kan kwamfutocin kamfani. A 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka wayi gari ba sa iya buɗe shi. Doom ya girme shi da shekara 21, amma babu wanda ke da ikon kashe shi, domin yana hannun kowa.

8.0 Naƙasu

Sharhi ba ya cika sai an faɗi aibi. Na farko, fagagen ba su yi daidai wajen kyau ba. Kashi na farko ya fi sauran tsari, a na biyu da na uku kuwa akwai wuraren da mutum zai gama da abokan gaba sannan ya yi ta yawo yana neman wani maɓalli da aka ɓoye ba bisa dalili ba. Na biyu, babban dodon ƙarshen kashi na uku bai kai Cyberdemon na ƙarshen kashi na biyu ban tsoro ba, saboda haka tashin labarin ya faɗi a inda ya kamata ya kai ƙololuwa.

Na uku shi ne zubar da jini da siffofin shaiɗanu da suka cika wasan, waɗanda suka sa iyaye da malaman addini a Amurka suka yi tir da shi. A Jamus an hana tallarsa da sayar da shi ga yara daga 1994 har zuwa 2011. Bayan kisan da ɗalibai biyu suka yi a makarantar Columbine ta jihar Kolorado a 1999, an gano cewa suna yin wasan, ɗayansu ma yana zana fagage. Iyalan wani malamin da aka kashe sun kai kamfanonin wasanni ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2002. Hukuncin kotu ya kawar da alhaki na shari'a, amma bai hana mai nazari ya ce wasan ba na yara ba ne, kuma duniyarsa ƙuntatacciya ce, babu abin da ake yi da wani mai rai a cikinta sai kisa.

Akwai kuma wani abin da ake yawan kafa hujja da shi wanda ya kamata a yi hattara da shi, wato yayin sa Doom ya yi aiki a kan kowace irin na'ura, kamar injin buga takarda a 2014 da allon motar noma a 2022. Wannan shaida ce ta sauƙin injin da kuma buɗaɗɗen lasisinsa, amma ba shaidar daɗin wasan ba ce, domin babu mai zama ya yi wasa a kan injin buga takarda.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta dubi Doom ta fuskar jigo da zubi da tsari da taurari da salo, ta nuna cewa labarinsa siriri ne, kuma yana da aibobin da ba a ɓoye su. An ga cewa abin da ya riƙe shi shi ne ƴan dokoki bayyanannu da ke haifar da yanayi marar iyaka idan aka cuɗa su, tare da ƙofar da aka bar wa jama'a a buɗe tun 1993, aka ƙara wangale ta a 1997. Gidan tarihin wasanni na Strong da ke jihar Niyok ya sa shi cikin wasanni shida na farko da ya karrama a 2015, sababbin wasanni masu ɗauke da sunansa kuma sun fito a 2004 da 2016 da 2020 da 2025. Duk da haka babu ɗayansu da ya ture na asali, domin waɗannan ana yin su ne a gama, shi kuwa har yanzu ana rubuta shi. Abin da ya rage ga masu nazari shi ne su ɗauki fagagen da jama'a suka zana ɗaya bayan ɗaya, su yi musu irin sharhin da ake yi wa kowane aikin fasaha.